A Ƙirga Hidimar Daji da Teku Kafin a Sa Hannu

Har zuwa farkon shekarun 1990, ungulu a Indiya ba ta ƙirguwa, miliyoyi ne a sararin sama. In saniya ta mutu a bayan gari, kafin a ankara sun sauka a kanta, cikin ƙasa da awa guda ba abin da zai rage sai ƙashi. Ba wanda ya taɓa biyansu ko sisin kwabo, ba kuma wanda ya taɓa shigar da aikin nan cikin littafin gwamnati. Ana nan sai masu shanu suka samu wani maganin ciwon jiki mai araha, diklofenak, aka riƙa ba dabbobi. Duk ungulun da ta ci mushen dabbar da ba a daɗe da ba ta maganin ba, ƙodarta ke lalacewa, ta mutu cikin 'yan kwanaki. Sai a 2004 masu bincike suka gano musabbabin, a 2006 kuma Indiya da Pakistan da Nepal suka hana ba dabbobi maganin. Ihu ne bayan hari, domin nau'o'in ungulu uku sun riga sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100.

Daga nan mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da mai su suka samu abinci suka yi ta hayayyafa, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, ruwan sha ya gurɓace. A 2024 wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, suka wallafa bincike inda suka kwatanta gundumomin da a da suke cike da ungulu da waɗanda dama can ba mazauninta ba ne. Suka tarar mace-macen mutane ya ƙaru da sama da kashi 4 cikin 100 a inda ungulun ta ɓace. A ƙiyasinsu, rayuka kusan rabin miliyan suka salwanta tsakanin 2000 da 2005 ta wannan hanyar.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, wannan lissafi an yi shi ne bayan an binne mutanen. Haka muke yi kusan ko'ina a duniya. Daji da fadama da gaɓar teku da ƙwari da tsuntsaye suna yi mana aiki dare da rana, mu kuwa ba mu san girman aikin ba sai ranar da ya tsaya. Ra'ayina shi ne wajibi ne a riƙa auna abin da kowane yanki na tudu da gaɓa da teku yake iya yi wa mutane tun kafin a ba da izinin sare shi, ko cike shi da ƙasa, ko haƙa shi. Amma ina da sharaɗi, kuma sharaɗin ya kai awon kansa nauyi: lambar da aka fitar shaida ce da za a gabatar wa masu yanke hukunci, kada ta rikiɗe ta zama farashin da duk mai kuɗi zai biya ya rushe wurin.

Wannan fanni ba sabo ba ne. A 2005 aka fitar da sakamakon wani gagarumin bincike da Majalisar Ɗinkin Duniya ta nema tun zamanin Kofi Annan, wanda masana fiye da 1,300 suka yi aiki a kansa. Sun raba hidimomin da muhalli ke yi wa ɗan'adam gida huɗu. Akwai abin da muke ɗiba da hannu, kamar kifi da itace da ruwan sha. Akwai abin da muhalli ke daidaita mana, kamar tare ambaliya, tace ruwa, riƙe kabon (wanda in ya yi yawa a iska yake ɗumama duniya), da aikin ƙudan zuma a kan furanni. Akwai abin da ya shafi ibada da tarihi da hutawar rai. Sannan akwai ginshiƙan da sauran suka dogara a kai, irin samuwar ƙasar noma. Cikin hidimomi 24 da suka duba, 15 suna lalacewa ko ana cin su fiye da ƙima. Rukuni na biyun nan shi ya fi shan wahala, don ba a kai shi kasuwa. Kifi yana da mai saye, katako ma haka, amma ba wanda ke zuwa ya ce a auna masa ambaliyar da ba ta faru ba.

Duk abin da ba shi da lamba a takardar aiki, sifili ake ba shi, ko da ba a faɗa da baki ba. Mai kamfani zai zo da kundinsa a cike: ga jarin da zai zuba, ga mutanen da zai ɗauka aiki, ga harajin da zai biya. Dajin da za a sare ba shi da kundi, ba shi da lauya. Jami'in da zai sa hannu ba lalle ne mugu ba, sau da yawa abin da aka ajiye a gabansa kawai yake gani.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na dajin mangurob a kudancin Tailan. Mangurob itatuwa ne da ke tsirowa a cikin laka mai gishiri, daidai inda tudu ya haɗu da teku, saiwoyinsu a waje sun sarƙe da juna, ruwa ya rufe su in teku ya cika, ya janye ya bar su in ya sauka. A tsakanin saiwoyin nan 'ya'yan kifi da ƙaguwa ke ɓuya har su yi ƙwari. An riƙa sare dajin ana haƙa tafkunan kiwon jatan lande don fitarwa waje. Edward Barbier da abokan aikinsa suka zauna suka yi lissafin hekta guda na tsawon shekara tara, daga 1996 zuwa 2004. A idon mai tafki, ribarsa ta kai dala 9,632, alhali abin da mutanen ƙauye ke samu na itace da sauran kayan daji bai wuce dala 584 ba. Wanda ya ga waɗannan lambobi biyu kaɗai, ai gatari zai nema.

Da aka cire tallafin da gwamnati ke ba masu kiwon, sai ribar ta faɗo zuwa dala 1,220. Da aka ƙara amfanin dajin a matsayin wurin renon kifin da masunta ke kamawa a teku, dala 987, da kuma kariyar da yake ba garuruwa daga guguwa, dala 10,821, sai darajarsa ta haura dala 12,000. Kuma ba a nan ta tsaya ba. Tafkin yakan mutu bayan kimanin shekara biyar, ƙasar ta yi tsami, mai shi ya tattara ya koma wani wuri ya sare sabon daji, gyaran abin da ya bari kuwa zai ci fiye da dala 9,000 a kowace hekta. Wato aikin da aka ɗauka ci gaba ne, asara ce ƙasar ta saya da kuɗin harajinta.

A lura da wani abu a nan, don shi ne zuciyar maganar. Mai tafkin bai yi kuskuren lissafi ba, shi kam ya ci ribarsa. Abin da ya faru shi ne an kwashe dukiya daga hannun masunta da mazauna gaɓa, an zuba a aljihun mutum ɗaya. Don haka duk awon da ya tsaya a kan jimilla, bai faɗi wa zai samu wa zai rasa ba, bai gama aikinsa ba. Kuma asarar ba ta tsaya a dukiya ba. A 1999 wata mahaukaciyar guguwa ta afka wa jihar Odisha ta Indiya, ta kashe mutane kusan 10,000. Da Saudamini Das da Jeffrey Vincent suka bi ƙauyuka ɗaruruwa suna dubawa, sai suka tarar waɗanda ke da faffaɗan dajin mangurob tsakaninsu da teku sun fi ƙarancin mamata. Duwatsun murjani, waɗanda wasu ƙananan halittun teku ke ginawa kusa da gaɓa, su ma haka suke aiki daga can cikin ruwa: bincike ya nuna suna karya kusan kashi 97 cikin 100 na ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa. A Amurka, an ƙiyasta cewa fadamun bakin teku sun hana ɓarnar dala miliyan 625 lokacin guguwar Sandy a 2012.

To, yaya ake yin awon? Hanya mafi sauƙi, wadda Benjamin Burkhard da abokansa a Jamus suka yaɗa tun 2009, ita ce ta jadawali. A jera ire-iren wurare a gefe ɗaya: daji, gona, makiyaya, fadama, bakin kogi, rairayin gaɓa, ciyawar ƙarƙashin teku. A jera hidimomi a sama. Sai masana su ba kowane gurbi maki daga 0 zuwa 5, gwargwadon yadda wurin ke iya samar da wannan hidimar. Daga nan a ɗora makin a kan taswirar da aka samo daga tauraron ɗan'adam. Akwai kuma manhajojin kwamfuta, irin InVEST ta jami'ar Stanford, da ke lissafa yawan lakar da daji ke tarewa ko tsawon gaɓar da murjani ke karewa.

Abin da ya fi burge ni a wannan hanyar shi ne yadda ta raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa: abin da wuri zai iya bayarwa, da abin da ake amfana da shi a yau. Dajin mangurob a gaɓar da ba kowa yana iya tare guguwa daidai da wanda ke gaban babban birni, sai dai yau ba wanda yake karewa. In amfanin yau kaɗai aka auna, za a ce ba shi da daraja, a sare. Shekara talatin nan gaba gari ya iso wurin, dajin babu. Auna abin da wuri ke iya yi, shi ne kaɗai hanyar da waɗanda ba a haifa ba za su samu kujera a wurin rabo. Ina jaddada wannan ne saboda akwai wata dabara a lissafin ayyuka da ke danne su ba tare da an lura ba, wato rage darajar amfanin da zai zo nan gaba. In aka rage da kashi 10 cikin 100 a kowace shekara, amfanin dala 100 da zai zo bayan shekara 50 bai kai dala ɗaya ba a takardar yau. Da wannan alƙalami kaɗai ana iya halatta sare kowane daji, tun da itace a hankali yake girma, riba kuwa ana son ta bana.

Sai dai jadawalin yana da rauninsa, kuma bai kamata masu son sa su ɓoye ba. Makin nan ra'ayin masana ne, ba awon sikeli ba. Da zarar an zuba shi a taswira mai launi kore da ja, sai ya yi kama da tabbas, mai mulki ya ɗauka an gama magana. Alhali fadama biyu masu suna ɗaya a taswira suna iya bambanta ƙwarai, ɗaya lafiyayya, ɗaya ta kusa mutuwa. A teku abin ya fi tsanani. Tauraron ɗan'adam yana ganin daji da gona sarai, amma ganinsa ba ya nisa cikin ruwa. Har yanzu kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na ƙasan teku aka zana taswirarsa dalla-dalla. Ciyawar ƙarƙashin teku, wadda ke renon kifi tana riƙe laka tana binne kabon, an ƙiyasta a 2009 cewa kashi 29 cikin 100 na wadda aka sani ta riga ta ɓace, kuma ba hayaƙi ko ƙarar gatari da zai sanar da kowa. Wurin da aka bar shi fari a taswira don ba a bincika ba, sau da yawa sai a karanta shi kamar wurin da ba komai.

Wata matsalar kuma ta tsarin mulki ce. Ma'aikatar noma tana auna gona, ta gandun daji tana auna itace, ta kamun kifi tana auna kifi, kowa da littafinsa. Ruwa kuwa bai san iyakar ma'aikata ba. Kogin Misisipi yana kwaso ruwan kusan kashi 40 cikin 100 na dunƙulalliyar ƙasar Amurka, haɗe da takin zamanin da ya zurare daga gonakin masara, ya juye a Tekun Meziko. Takin ya ciyar da gansakuka, gansakukar ta mutu ta ruɓe, ta shanye iskar oksijin da ke cikin ruwa. Duk bazara sai a samu makeken yanki da kifi da jatan lande ba sa iya rayuwa, wanda a 2017 ya kai kusan murabba'in kilomita 22,700. Manomin da ke nesa da teku da ɗaruruwan kilomita bai taɓa ganin masuncin da ya ɗauki asarar ba. Fadamun da ke gefen koguna, waɗanda da su za su tace takin, an riga an busar da yawancinsu an shuka. In da an auna fadamar da abin da take yi wa teku, da ba a kira ta wurin banza ba. Tekun Aral ma ta haka ya tafi. A 1960 shi ne tafki na huɗu a girma a duniya, sai Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan Amu Darya da Sir Darya zuwa gonakin auduga. An ƙirga audugar tan bayan tan, ba a ƙirga kifin da ke ciyar da garin Moynaq ba, inda yau jiragen kamun kifi ke kwance a kan rairayi suna tsatsa. Shi ya sa nake ganin awon da ya raba tudu da gaɓa da teku, ya duba kowanne shi kaɗai, zai iya yin daidai a kowane shafi amma ya ɓata a dunƙule.

Yanzu bari in zo kan masu adawa, don suna da hujja mai ƙarfi kuma ban raina ta ba. A 1997 Robert Costanza da abokansa suka wallafa a mujallar Nature cewa hidimomin muhallin duniya baki ɗaya sun kai kimanin dala tiriliyan 33 a shekara, a lokacin da jimillar abin da tattalin arzikin duniya ke samarwa take wajen tiriliyan 18. Kusan kashi biyu cikin uku na adadin daga teku ne, mafi yawa kuma daga gaɓa. Lambar ta girgiza mutane, ta yi amfaninta. Amma wani masanin tattalin arziki, Michael Toman, ya mayar da martani da cewa wannan mummunan ragi ne aka yi wa abin da ba shi da iyaka. Gaskiya ya faɗa. In aka ɗauke iska da ruwa da ƙasar noma gaba ɗaya, ba wani kuɗi da zai maye gurbinsu, ba ma wanda zai rage da zai karɓi kuɗin. Tambayar da ke da amsa ita ce ƙaramar: wannan fadamar, in aka cike ta bana, me za a rasa, wa kuma zai rasa?

Tsoron masu adawa na gaske shi ne, ranar da ka ce daji ya kai kuɗi kaza, ka buɗe ƙofa ga wanda zai ce ga kuɗin, ba ni dajin. Kuma ana ganin alamunsa a tsarin musanya, inda ake barin kamfani ya lalata wuri a nan muddin zai gyara ko ya shuka wani a can. A Ingila, tun watan Fabrairun 2024 doka ta wajabta wa yawancin masu gine-gine su bar muhalli ya fi yadda suka same shi da kashi 10 cikin 100, a filin ko a wani wuri dabam. Niyyar mai kyau ce, kuma ta fi barin abin sakaka. Damuwata ita ce imanin da ke ƙarƙashinta, cewa abin da ya ɗauki ɗaruruwan shekaru yana ginuwa ana iya sake shi da kwangila. Bayan igiyar tsunami ta 2004 an yi ta dashen mangurob a Siri Lanka da kuɗin agaji. Da masu bincike suka koma suka duba wurare 23, sai suka tarar a tara daga ciki ko itace ɗaya bai rayu ba, uku ne kacal aka samu fiye da rabi ya tsira. An dasa su a inda ruwa da laka ba su dace ba. A takarda an mayar da hektoci, a gaɓa babu komai. Ko da dashen ya kama, masuncin da aka sare dajin gabansa bai amfana da wanda aka shuka a wata jiha ba.

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya iya faɗa. Kurmin da mutane ke girmamawa don kakanninsu na kwance a ciki, ko halittar da ba mu san amfaninta gare mu ba tukuna, in aka tilasta su shiga ma'aunin dala, ƙasa za su faɗo, tun da ma'aunin yana bin ƙarfin aljihu ne. Gaɓar da ke kare otal-otal masu tsada za ta fi wadda ke kare bukkokin talakawa dubu daraja, alhali rayukan da ke bayan ta biyun sun fi yawa. Wannan kaɗai ya isa a ce a riƙa ba da sakamako da ma'auni fiye da ɗaya: mutum nawa aka kare, gida nawa ke ci daga wurin, kifi tan nawa, sannan kuɗi in ana buƙata.

Duk da haka ban yarda a ce a daina awon ba. Wanda ya ƙi sa lamba don yana ganin daji ya fi ƙarfin lamba, ya bar filin ne ga wanda ya riga ya sa masa sifili. Tattalin arzikin ƙasashe a yau ana auna shi ne kamar magidancin da ya yaye rufin ɗakinsa da rani ya sayar, ya rubuta kuɗin a matsayin riba. Rahoton da Partha Dasgupta ya rubuta wa baitulmalin Birtaniya a 2021 ya nuna cewa tsakanin 1992 da 2014 dukiyar da mutum ya ƙera, irin hanyoyi da injuna da gine-gine, ta ninka ga kowane mutum, amma dukiyar muhalli ta ragu da kusan kashi 40 cikin 100. A watan Maris na 2021 kuma hukumar ƙididdiga ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da tsarin da ƙasashe za su riƙa ajiye littafin muhallinsu a gefen littafin kuɗi. Ina ganin wannan mataki ne da ya daɗe da kamata.

Kuma inda aka yi awon da gaskiya, ya canza hukunci. A shekarun 1990 birnin New York ya fuskanci zaɓi: ko ya gina matatar ruwa da aka ƙiyasta za ta ci dala biliyan 6 zuwa 8, ban da kuɗin gudanarwa, ko ya kare dazuzzuka da gonakin tsaunukan Catskill inda yawancin ruwansa ke fitowa. A 1997 ya zaɓi na biyun, ya riƙa sayen filaye yana biyan manoma su gyara yadda suke aiki, a kan kuɗin da bai kai ko kusa da na matatar ba. Kosta Rika tun 1997 take biyan masu filaye don su bar dajinsu a tsaye, da kuɗin da akasari ke fitowa daga harajin man fetur, kuma dajin da a shekarun 1980 ya koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yau ya haura rabi, ko da yake ba biyan kaɗai ya jawo haka ba. Wanda ya fi kama da abin da nake kira a yi shi ne na Beliz, wata ƙaramar ƙasa a Amurka ta Tsakiya. Hukumar kula da gaɓar ƙasar ta zauna da masunta da masu otal da sauran jama'a, aka auna abu uku tare: kamun lobsta (wata halittar teku mai kama da babban jatan lande), yawon buɗe ido, da kariya daga guguwa. Aka zana makoma iri uku, ta killacewa zalla, ta gine-gine ba linzami, da ta tsakiya mai tsari, aka ga abin da kowacce za ta haifar yanki bayan yanki. Gwamnati ta amince da tsarin a 2016. Ba a sayar da murjani ba, an dai yi amfani da lambobin an tsai da inda za a gina da inda ba za a taɓa ba.

Zaman nan da masunta shi nake so a riƙe da kyau. A gaɓar Newfoundland ta Kanada, tun a shekarun 1980 masu ƙananan jirage suke kuka cewa kifin kod yana raguwa, wanda suke kamawa kuma ƙanana ne. Alƙaluman hukuma, waɗanda suka dogara da kamun manyan jirage masu na'urar gano inda kifi ya taru, suka ci gaba da nuna akwai kifi. A watan Yulin 1992 aka wayi gari an rufe kamun gaba ɗaya, mutane kimanin 30,000 suka rasa sana'a. An ce na shekara biyu ne, ba a ɗage ba sai 2024. An yi awo a can, masana ne suka yi, amma an ƙi sauraron waɗanda hannunsu ke cikin ruwan kullum. Wani bincike da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar tare da abokan aikinta a 2023 ya nuna ƙananan masunta ne ke kama aƙalla kashi 40 cikin 100 na kifin duniya, kuma mutane kusan miliyan 500 ne rayuwarsu ta rataya a kan wannan sana'a ko da wani ɓangare ne. Da yawa daga cikinsu mata ne da ke bin laka in ruwa ya janye, suna tsintar ƙaguwa da kawa don tukunyar gida. Abin da suke samu ba ya bi ta tashar jirgi, ba a auna shi, ba ya shiga kowane littafi. In masana suka zauna a ɗaki suka ba lakar nan maki ɗaya cikin biyar don ba su san ana ci daga gare ta ba, jadawalin ya zalunci matan nan da sunan ilimi.

Abu na ƙarshe da ke damuna shi ne wanda ke biyan mai awo. A ƙasashe da yawa, kamfanin da ke neman izini shi ke zaɓar ƙwararren da zai rubuta rahoton tasirin aikinsa ga muhalli, shi ke biyansa, kuma ƙwararren ya san in ya cika tsanani ba za a sake kiransa ba. Rahoton yakan iso ne bayan an gama zaɓen fili, an ciwo bashi, an sa ranar fara aiki. Abin da ya kamata shi ne hukuma mai zaman kanta ta zana taswirar abin da kowane yanki ke iya yi, daga kan tudu har cikin ruwa, tun kafin wani ya zo da buƙata, ta buga ta kowa ya gani, ta nuna a fili inda aka tabbatar da inda hasashe ne, ta kuma ja layi a kan wuraren da ba a musanya su ko nawa aka kawo. Kamfani ya zuba kuɗin binciken a asusun hukumar, amma kada ya zaɓi wanda zai yi shi.